Ƙaramar Ƙofar Saur

Cikin duk ranakun da na yi ina bin alhazai mata a garin nan, akwai wata Talata da har yau ba ta sake ni ba. Ita ce ranar da na hau Dutsen Saur da mata goma sha ɗaya, saura ƙiris in sauko da goma. Ku da kuka shigo aikin nan a baya-bayan nan, ku kasa kunne, don ni ba na maimaita magana.

Sunana Tabawa. A goye aka shigo da ni Makka ta Wadai da Sawakin, a unguwar Misfala na yi wayo, a nan kuma na tsufa. Na fi shekara ashirin ina aiki a gidan muɗawwifi guda, Shehi Sale. Ga wanda bai san tsarin ba, muɗawwifi shi ne wanda alhaji ke hannunsa tun daga ranar da ya taka Jidda har ranar da ya koma jirgi. A ƙarƙashinsa akwai wakili a Jidda, akwai masu jan ɗawafi, akwai masu ruwa. Ni nawa matsayin ba ya cikin takardar kowa. Mata ke hannuna: makwancinsu, ciwonsu, da tambayoyin da mace ba ta iya yi wa namiji. Ban yi karatu ba, don haka da tsakuwa nake riƙe su. Kowace mace tsakuwa ɗaya a ƙullin gefen mayafina. In mun fita in ƙirga, in mun dawo in ƙirga.

Bayan an gama hajji, kafin lori ta kwashi mutane zuwa bakin teku, akan sami kwana ɗaya ko biyu na zaman banza. A nan ne mata ke tasowa da maganar hawa dutse su ga kogon Annabi. Malamai sun sha faɗa cewa hawan nan ba ya cikin aikin hajji, Shehi ma yakan faɗa, amma wanda ya yi wata da watanni a hanya ba ya so ya koma gida a tambaye shi ya ce bai gani ba. Kogunan biyu ne. Hira yana arewa, ta hanyar Mina, hawansa a miƙe yake amma gajere, in an fita da asuba an dawo kafin rana ta yi ƙarfi. Saur yana kudu, bayan Kudai, ya fi tsawo nesa ba kusa ba, mace mai ƙarfi sai ta yi awa uku tana hawa. Ayari ɗaya, kogo ɗaya, rana ɗaya. Kuma ni ke zaɓa.

Ga yadda nake yi. Ana gobe za a fita, sai in sa kowace ta ɗauki tulun ruwa ta kai soron sama, ni ina tsaye a bakin matakala ina sauraron numfashi. In duba tafin ƙafa, in duba takalmi. In na ji ƙirji biyu suna kuka, Hira za mu.

A shekarar da nake ba ku labari hajji ya faɗo cikin tsakiyar zafi. Ayarin daga ƙasar Katsina suka fito, ta ƙasa suka zo. A cikinsu akwai wasu biyu, 'ya'yan wa da ƙane. Kande, mace ce doguwa mai jiki, ta kai shekara arba'in, ba ta da yawan magana, ita ke yi wa tsofaffin ayarin wanki ba wanda ya sa ta. Sai Dije, 'yar baffanta, siririya kamar tsinken tsintsiya, bakinta ba ya hutawa.

Ranar Litinin da la'asar na yi gwajin tulu, na ce Hira. Dije ta tafa hannu.

"Haba Inna Tabawa! Mu Saur muke so. An ce daga ƙolinsa ana hango tekun da za mu hau ranar Alhamis."

Na ce, "Na hau shi ya fi sau talatin, ban taɓa ganin teku ba sai hazo. Tekun kuma ba gudu zai yi ba."

"To ai akwai abin da ya fi teku a can," in ji ta, ta karkata kai wajen Kande. "Ko ba haka ba, Yaya? Wata ƙofa aka ce akwai, mai sanin mutane."

Mata biyu suka ƙunshe dariya. Kande tana ninke zane, ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Saur ɗin za mu."

Na ga wannan kallon, na kuma ji dariyar. Idona bai yi kuskure ba, zuciyata ce ta yi. Domin Dije ta ƙara da cewa, "In dai tsufa ne, Inna, ki faɗa, sai a haɗa mu da wata mai sauran ƙafa." Maganar ta soke ni. Na ce to Saur ɗin, kowa ta cika gorarta, asuba za mu tashi.

Da na je gaya wa Shehi, yana zaune a dakali da finjalin gahawa. Shi haifaffen nan ne, Hausarsa rabi Larabci ce.

"Saur, ya Tabawa? Ba'id ne fa, da nisa, ga zafi shadid."

"Za su iya."

Ya ajiye finjalin. "Ɗayyib. Ki tafi da Baba Isa da salka biyu. Ba shafar dutse, ba ɗaura tsumma, ba ɗibar ƙasa. Kuma ta babbar ƙofa. Ƙaramar mamnu' ce, na hana, kin ji ni?"

Dole in yi muku bayanin ƙofofin nan. Kogon Saur wani ƙaton dutse ne mai rami, kamar an kife akushi a kan tudu. A nan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɓuya da abokin tafiyarsa lokacin hijira. Ta gefe ɗaya akwai ƙofa mai faɗi, a sunkuye ake shiga. Ta ɗaya gefen akwai tsaga can ƙasa, sai mutum ya kwanta rub da ciki ya ja jiki. Alhazai suna yaɗa wata magana tun kafin a haife ni, wai duk wanda ya kasa wucewa ta tsagar nan ba ɗan ubansa ba ne. Ƙarya ce tsagwaronta. Abin da ke akwai shi ne, daga ciki akwai wani dutse da ke tare ƙirji. Wanda ya sani yakan fitar da numfashi duka, ya kwantar da kafaɗar hagu, ya karkata, sai ya zame. Wanda bai sani ba yakan tura kai tsaye, ya ɗaga ƙirji yana neman iska, nan ya cije.

Muka yi asuba a Harami muka kama hanya. Kudai a lokacin fili ne, sai 'yan bukkoki da awakin Badawiyawa. A gindin dutsen na ƙirga tsakuwa, sha ɗaya. Baba Isa mai ruwa, dattijo ne ɗan Barno, shi na sa a gaba. Ni a ƙa'idata baya nake bi, don wadda za ta faɗi a baya take faɗuwa.

Hawan ya ci mu. Kafin mu kai rabi duwatsu sun fara ƙona tafin hannu. Wata tsohuwa ta zauna ta ce ita a bar ta nan, na tsaya ina jiƙa mata kai ina lallashi, sauran suka yi gaba. Sai da hantsi ya yi sosai muka doshi ƙoli ni da ita. Kafin in ga kogon na ji salati, irin wanda mata ke yi in abu ya lalace.

Na saki tsohuwar na ruga. Abin da na tarar, ƙafafun Kande ne a waje, daga ƙugu zuwa sama tana cikin dutse. Takalminta ɗaya ya fita. Tana shure-shure, ƙasa na tashi.

Baba Isa ya juya baya, don ba ya iya kallon mace a haka, yana ta maimaitawa, "Wallahi na hana ta, Hajja. Na zagaya in duba babbar ƙofa, kafin in dawo ta shige."

Akwai wasu alhazai maza, 'yan tsibirin Jawa da 'yan Indiya, suna jiran layi, sun fara matsowa. Na daka wa matan tsawa suka ware mayafai suka yi shinge. Na durƙusa na kama idon sawunta.

"Kande! Daina motsi. Duk shurin da kika yi ƙara cusa kanki kike."

Muryarta ta fito kamar daga cikin rijiya. "Inna... numfashi..."

Wani Balarabe makiyayi da ke sayar da madara a wurin ya ce da Baba Isa, ya taɓa ganin irin wannan, sai da aka sauka gari aka zo da mai sassaƙar dutse. Na lissafa a raina. Sauka da dawowa, la'asar ke nan. Salka ɗaya ta riga ta ƙare. Jiki kuma in ya matsu cikin zafi kumbura yake yi. Matar nan ba za ta kai azahar ba.

Matan suka ce a ja ta baya. Gaskiya ita ce hanya mafi sauƙi, mutum huɗu su kama ƙafa, ko fata ta saɓule dai ta fito. Har na ce su kama. Da Kande ta ji hannuwa a ƙafarta, sai ta yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba, ta maƙale yatsun ƙafa a ƙasa.

Dije tana tsaye a gefe, ta rufe baki da mayafi. Ta ce a hankali, amma kowa ya ji, "Ai dama an faɗa."

Na ce kada wadda ta ƙara taɓa ta sai na dawo. Na karɓi 'yar wuƙar Baba Isa da gwangwanin man shanun da muka riƙo don gurasa, na zagaya ta babbar ƙofa.

Ciki duhu ne, da ɗan sanyi, da warin awaki. Da idona ya saba sai na ga kanta da hannunta na dama sun shigo, na hagu ya danne a ƙarƙashinta. Fuskarta ta yi jawur ta kumbura, jijiyoyin wuya sun tashi, leɓenta ya fara baƙi. Na yi wankan gawa da yawa a aikin nan, na san launin. Na kwanta rub da ciki a gabanta, hancina kusa da nata.

"Ki saurare ni. Zan sa su ja ki baya. Za ki ji ciwo, amma za ki rayu."

"A'a."

"Ba shawara nake ba ki ba."

Ta damƙe wuyan hannuna. Magana tana fita guntu-guntu, tsakanin numfashi. Ubanta ya taso Makka da ƙafa, bai koma ba. Bayan tafiyarsa da kusan shekara biyu aka haife ta. Uwarta ta ce cikin kwantacce ne, ya kwanta ya tashi, alƙali ya karɓa, aka raɗa mata suna da sunan uban. Amma dangin uba ba su taɓa karɓa ba. Da habaici aka yaye ta, da shi aka yi mata aure, da shi aka binne uwar bara.

"In kika fitar da ni ta baya, Inna... ki tura ni daga kan dutsen nan. Kafin mu kai Katsina... labari ya riga mu. Ina da 'ya'ya mata uku."

Na ce, "Ke, dutse bai san uban kowa ba. Faɗin kafaɗa kawai ya sani."

"Su ba su san haka ba."

Nan tsoro na gaske ya kama ni. In na ja ta gaba ta ƙara cijewa, a hannuna za ta mutu, ni na kawo ta, ni na karya dokar Shehi da girman kaina. In na ja ta baya, na ceci numfashi na kashe mutum. Na ji ana kiran sunana daga waje, ban amsa ba.

Na shafa man shanu a hannuna har kafaɗa, na zura ta gefen haƙarƙarinta in ji inda ta kama. Dutsen ya yagi fatata. Ƙirjinta yana kan dutsen nan da na gaya muku, wannan na san maganinsa. Amma da na ƙara zurawa sai yatsuna suka taɓa wani abu mai tauri, dunƙule guda, ya naɗe ya hau har ƙarƙashin haƙarƙari ya cushe tsakaninta da bakin tsagar.

"Mene ne wannan a jikinki?"

"Jigida."

"Jigida? A hawan dutse? Da girmanki?"

"Ta innata ce. Yau da asuba na ɗaura... don ita ma ta wuce ta ƙofar."

Irin ta da ce, baƙa ta ƙwarar goriba, zagaye ya fi goma. Ni da ke duba takalmi da tafin ƙafa da ƙirji, ban taɓa tunanin in tambayi mace abin da ke ƙarƙashin zanenta ba.

"Zan yanke ta."

"Kada ki..."

"Rufe min baki. Kika motsa, cikinki zan farka."

Na riƙe wuƙar a tafin hannu, kaifin yana kallon yatsana, na sake zurawa. Ba na ganin komai, da taɓi nake aiki. Na sa yatsa tsakanin zaren da fatarta, na yanka a kan yatsan nawa. Zare ɗaya. Na ji ɗumin jini, ban san nawa ne ko nata ba. Na biyu. Na uku. Numfashinta ya koma wani siririn fito, idanunta suka fara juyewa. Na ƙwala mata mari da ɗaya hannun.

"Kande! Meye sunan babbar 'yarki?"

"Ha... Habi."

"To Habi na jiran tsaraba. Buɗe ido!"

Da na yanke na ƙarshe sai na kama bakin zaren na jawo a hankali. Jigidar ta biyo hannuna, wasu ƙwayoyin suna zuba suna gangarawa cikin kogon. Na tara ta a tafina na kai gaban idonta.

"Kin gani? Ga uwarki nan ta riga ki shiga. Saura ke. Za ki bar ta ita kaɗai?"

Ta kalli abin. Sai ta fashe da kuka, kuma kukan nan ne ya taimake mu, don wanda ke kuka ƙirjinsa saki yake yi. Na ce ta fitar da iska duka, har ta ji kamar ta mutu, kada ta ja wata sai na ce. Na danna kafaɗarta ta hagu ƙasa da gwiwar hannuna, na kama hammatarta, na tokare ƙafa da bangon kogo. Na ce bismillahi na ja ta hagu.

Ba ta motsa ba.

"Sauran iskar! Fitar da ita!"

Ta yi wani nishi, sai na ji abu ya saki. Ta zamo gaba ɗaya ta faɗo kaina, muka zube tare. Rigarta ta yage, gefen cikinta duk ya kuje. Muna kwance ina jin numfashinta yana shiga yana fita kamar zugazugi. Daga waje guɗa ta tashi, na ji Baba Isa yana tsawatarwa, nan ba wurin guɗa ba ne.

Na ɗaura mata mayafina, na ƙulle jigidar a gefen zanena inda ba mai gani, muka fito ta babbar ƙofa. Matan suka rufe ta da runguma. Dije ce kaɗai ba ta matso ba. Na tsaya a gabanta, jini na ɗiga daga yatsana.

"Ke ce mai son ƙaramar ƙofa. Ga ta can, ba kowa. Ke da ba ki da nama, ai ba wuya."

Ta kalli tsagar, ta kalli ƙasa. "Rana ta yi, Inna. Mu sauka."

Ba wadda ta yi dariya. A gindin dutse na kwance ƙullina daga mayafin da ke jikin Kande na ƙirga. Sha ɗaya.

Da yamma na gaya wa Shehi komai, ban rage ba, har da maganar tsufa da ta sa na sauya zaɓi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Da ta mutu, sunana za a kira a hukuma, ba naki ba." Ya hana ni kai kowa kogo har hajji biyu. Ban yi musu ba, na cancanta.

Ranar Alhamis na raka su Jidda. A bakin ruwa, ana loda mutane cikin ƙananan jiragen da ke kai su ga babban, Kande ta jawo ni gefe. Na kwance jigidar na ba ta, na sake shirya mata ita a sabon zare, ta ragu da zagaye ɗaya.

Ta ce, "Inna, ki gaya min gaskiya. Ni na wuce, ko ke kika wuce da ni?"

"Na riga na gaya miki a ciki. Na ga jikokin sharifai sun cije a wurin nan, na ga ɓarawo ya zame kamar kifi."

Ta juya ta kalli ruwa. Sannan ta ce, "To don Allah kada ki faɗa wa matan garinmu haka."

Matan suna nan zaune a kan kayansu, taku goma tsakaninmu. Shekara ashirin ina yaƙi da wannan camfi, kuma ga ranar da zan kashe shi a gaban shaidu. Na tuna 'ya'ya mata uku da ban taɓa gani ba. Na ja bakina na rufe, har jirginsu ya yi nisa.

Abin da nake so ku ɗauka ke nan. Ku duba ƙafa, ku saurari ƙirji, wannan aikinku ne. Amma in ayari ya nace wa kogo ɗaya, kada ku tsaya a kan wa zai iya hawa. Ku nemi wadda ta yi shiru, ku ja ta bayan ƙofa, ku tambaye ta me ta zo nema a can, da abin da ta ɗaura a ƙarƙashin zane. Mutanenmu ba sa zuwa ƙasar nan da jaka kaɗai. Kuma duk wadda ta ce muku kun tsufa, ku ce mata e, ku kai su Hira.

Tabon yana nan a yatsana, ku matso ku gani. Ƙwayoyin jigidar da suka zube kuwa ban koma na tsince su ba, suna can cikin kogon.